Mota Ta Yi Tsawo, Cikinta Na Jan Ƙasa

Duk hanyar karkarar da manyan motocin itace ko na hatsi suka bi da damina, shaida ɗaya suke bari: kwari biyu masu zurfi inda tayoyinsu suka tona, da doron ƙasa a tsakiya. Idan rani ya shigo, doron nan ya bushe ya yi tauri, shi ne alƙalin duk motar da ta biyo baya. Direban a-kori-kura zai saka tayoyinsa cikin kwarin, ya taho a giya ta biyu, sai ya ji gum daga ƙasa. Motar ta girgiza, injin na kuka, tayoyi na juyawa a banza suna watsa ƙura, amma ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Ta hau doro ta zauna. Daga nan sai shebur da jak da roƙon mutanen ƙauye su zo turi.

Mai irin wannan mota ba ya kwana biyu bai dangana da gareji ba, kuma buƙatarsa guda ce: "Oga, a ɗaga min ita." Oga kuwa ba ya musu. A ƙara ganyen sifirin, a sauya shokazoba, a cusa 'yan ƙarafa nan da can, motar ta fito tana taƙama, sai an kama ƙofa an yunƙura kafin a shiga. Abin takaicin shi ne, sau da yawa idan ta koma hanyar nan, daidai inda ta zauna jiya nan za ta sake zama. An ɗaga ta da gaske, babu ha'inci. Wurin da ke taɓa ƙasa ne aikin bai kai gare shi ba.

Wanda zai gane wannan sai ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ƙarƙashin motar da tef ɗin awo a hannu. Ta baya, abin da zai fara gani shi ne aksul, ƙarfen da ya ratsa daga taya zuwa taya, da kumburi a tsakiyarsa inda farfela ke shiga. Cikin wannan tulu haƙoran da ke raba ƙarfin injin ga tayoyin biyu suke, suna iyo a mai. A yawancin motocin jeji gindin tulun nan ne ya fi komai kusa da ƙasa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da hanya ita ce tsayin motar na gaskiya a wurin dutse da kututture. Land Cruiser 79, yadda ta fito daga kamfani, tana da kusan santimita 23 a nan. Ƙaramar motar gida, a wurinta mafi ƙasa, ba ta cika wuce 15 ba.

Shi sifirin yana tsakanin aksul ne da shasi. Duk tsawon da aka ƙara masa, shasi da bodi ke tashi, aksul na nan inda yake, domin tayoyi ne ke ɗauke da shi, tsakiyarsa kuma ba ta wuce rabin tsayin taya. A motar da ke da aksul guda mai ratsawa, hanya biyu ce kawai ke ɗaga tulun daga ƙasa: ko a saka taya mafi girma, ko a sake ƙirar ƙarshen aksul ɗin baki ɗaya.

Lissafin taya ba shi da wuya, amma yana sanyaya gwiwa. Lambar da ke jikin tayar Hilux ta zamani, 265/65R17, na nufin faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗi, rim ɗinta kuma inci 17. Idan aka haɗa, tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kai milimita 776. Masu son babbar taya kan koma 285/70R17, wadda ta kai milimita 831. Bambancin milimita 55 ke nan, amma rabinsa a saman aksul yake, ba ya amfanin komai sai cika wuri. Abin da tulun ya samu santimita 2 da ɗoriya ne, bai ma cika 3 ba. Tayoyi biyar sababbi, har da safaya, domin tazarar da ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba. Duk da haka, wanda ya taɓa kwana a daji saboda dutsen da ya fi ƙarfin motarsa da ɗan kaɗan ba ya raina yatsu biyun nan.

Kuma ba kuɗin taya kaɗai ake biya ba. Tayar da ta fi ta asali girma da kashi 7 cikin ɗari tana cin ƙasa fiye da abin da agogon gudu ke nunawa: allura na kan 100, motar na gudun 107. Ƙarfin da injin ke kaiwa ƙasa ya ragu da irin wannan kaso, don haka motar kan yi nauyi wajen tashi, ta riƙa neman ƙaramar giya a hawan da a da take wucewa ba tare da direba ya taɓa komai ba. Birki ma aikinsa ya ƙaru, mai ya ƙara tafiya. Waɗanda suka kai ga taya mai inci 35 galibi sai sun buɗe tulun gaba da na baya sun sauya haƙoran ciki, misali daga 4.10 zuwa 4.88, kafin motar ta dawo hayyacinta. Aiki ne na wanda ya san yadda ake daidaita haƙori da haƙori, ba na kowane mai sifana ba.

To me ya rage wa ɗaga sifirin? Abu biyu, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, shi ke ba babbar taya wurin juyawa, kada ta riƙa gugar bodi duk lokacin da aka karya sitiyari ko aka faɗa rami. Na biyu ya shafi tsakiyar motar. A-kori-kura doguwa ce. Tsakanin aksul ɗin gaba da na baya na Land Cruiser 79 ya kai mita 3.18. Idan tayoyin gaba suka tsallake gaɓar rafi ko kan tudun yashi suka fara gangara, na baya ba su riga sun hau ba, cikin motar ne ke fuskantar ƙoƙuwar tudun: giyabos, akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, tankin mai, salansa. Duk waɗannan a jikin shasi suke rataye, saboda haka kowane santimita da sifirin ya ƙara, sun samu. Haka bambar gaba da ƙarshen bodi na baya, waɗanda ke caka ƙasa wajen shiga kwazazzabo da fita. Mai motar da cikinta ko gindinta ke bugawa, sifirin zai yi masa magani. Mai motar da tulunta ke kafewa a doron hanya, taya yake nema. Bakaniken kirki, kafin ya ɗauki sifana, sai ya leƙa ya ga inda ƙarfe ya goge ya yi fari.

Akwai wata ɗagawar da ta fi kowace arha: a kwance notocin da ke riƙe bodi, a saka ƙawanyoyin roba mai tauri ko na alminiyam tsakaninsa da shasi, a ɗaure da dogayen notoci. Motar ta tashi inci biyu a ido, amma shasi da duk abin da ke rataye a jikinsa ba su motsa ba. Tamkar gajeren mutum ne ya ɗora doguwar hula. Amfaninta ɗaya, samar wa taya wuri, kuma ko shi sai an bi sandar sitiyari da tiyon lagireto da wayoyi an ƙara musu tsawo.

A garejojin Kano da Kaduna da Zinder da Agadez, aikin da ya fi yawa shi ne na ganyen sifirin, kuma nan ne gwaninta da ganganci ke zama a benci ɗaya. Ana sauke damin sifirin, a cire noti na tsakiya, a baje ganyayen a ƙasa daga dogo zuwa gajere. Sai a tafi Kofar Ruwa ko Panteka a nemo ganye mai faɗi iri ɗaya daga wata motar, a yanka shi daidai, a huda, a saka shi ƙarƙashin uwar ganyen. Wani kuma ya ɗora tsohon ganye kan guntun ƙarfen titin jirgi, yaro ya riƙe, shi kuma ya bi shi da guduma taku-taku har ya sake lanƙwasa. Bugun sanyi na dawo da tsayi na ɗan lokaci. Ƙarfen da ya gaji zai koma ya kwanta. Wanda ya kunna wutar walda ya gasa ganyen don ya yi saurin lanƙwasa kuwa ya kashe shi, domin zafin ya cire masa taurin da masana'anta ta ba shi, ranar da ya haɗu da lodi da rami sai ya karye ko ya miƙe. Dogon marataya a ƙarshen sifirin ma dabara ce, amma rabin tsawon da aka ƙara ake samu: santimita 5 a marataya, 2 da rabi a mota. Bulon ƙarfe tsakanin aksul da sifirin yana yiwuwa a bayan Hilux, inda sifirin ke zaune a saman aksul, idan bai yi kauri ba. A aksul ɗin gaba, inda birki da sitiyari ke murɗa komai, ba wurinsa ba ne sam.

Sau da yawa ma tsayin da ake nema ba sabo ba ne, wanda lodi ya cinye ne. Hilux ɗin da ke barin Agadez zuwa Dirkou, ko zuwa wuraren haƙar zinariya na Djado da Tchibarakaten da suka cika da mutane tun 2014, tana ɗauke da durom na mai, jarkokin ruwa, safaya biyu, buhuna, da fasinjojin da ke zaune a gefen bodi ƙafafunsu na reto. A ƙarƙashin wannan nauyi sifirin baya kan miƙe sak, shasi ya sauko ya kusa kwanta kan aksul. Ƙarin ganye a irin wannan mota maido ta yake yi inda kamfani ya ajiye ta. Sannan yashin Tenere yana da nasa hukuncin. Kafin a shiga tudu direba kan sauka ya rage iskar tayoyi domin su baje su daina nutsewa, kuma duk iskar da ya fitar, aksul na ƙara kusantar ƙasa. Ya sayar da tsayi ya sayi shawagi a kan yashi, kuma a nan cinikin ya yi riba. A kan duwatsun Air, wannan tayar mai laushi ita ce za ta kai tulun bakin dutse.

Gaban Hilux ta zamani wani labari ne. Tsofaffin ƙirar masu jan ƙafa huɗu suna da aksul guda a gaba, amma daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanin ya koma tsarin da kowace tayar gaba ke da hannayenta, tulun gaba kuma yana ɗaure a shasi. A nan ɗaga sifirin yana ɗaga tulun da gaske. Sai dai tulun ya yi sama, tayoyi na ƙasa, don haka gajerun shaf biyu da ke haɗa su sun karkace fiye da yadda aka ƙera su. Robar da ke rufe gaɓarsu ta fara tsagewa, giris ya fita, yashi ya shiga, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da aka karya kwana. Hannun sama kan kai ƙarshen motsinsa, tayar ba ta da sauran inda za ta sauka idan ta tarar da rami, sai ta rataya a iska. Shi ya sa masu ƙera kayan ɗagawa ke tsayawa wajen santimita 5 a irin wannan gaba. Wanda ya wuce nan sai ya sauya hannayen sama, wani lokaci ya sassauko da tulun, wato ya mayar da wani ɓangare na abin da ya saya.

Akwai wani ɗan abu a bayan tsofaffin a-kori-kura da ake yawan mantawa, kuma yana iya kashe mutum. Bawul ne a kan layin man birki, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Idan an yi lodi, shasi ya sauko, sandar ta tura bawul ɗin ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan mota ba kaya, ya rage, don kada tayoyin baya su ƙulle. Da zarar an ɗaga motar ba a ɗaga maɗaurin sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka kullum babu kaya a baya, ko da buhu ashirin ne a ciki. Gyaran guntun ƙarfe ne da noti biyu. Haka tiyon birki, wanda zai iya tsinkewa idan aksul ya sauka iyakarsa, da karkatar aksul ɗin gaba da kan sa sitiyari ya daina dawowa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a kan kwalta, da farfelar da kan fara rawa a wani gudu na musamman saboda kusurwarta ta canza.

Babban bashin dai shi ne kifewa. Injiniyoyi na auna tsayuwar mota da lissafi mai sauƙi: a raba tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninkin tsayin cibiyar nauyinta. Motar da faɗinta ya kai mita 1.5, cibiyar nauyinta na santimita 70 daga ƙasa, za ta ba da 1.07. A ɗaga cibiyar zuwa 80, lambar ta faɗo 0.94, kuma duk raguwar lambar ƙarin saurin kifewa ne. Ko motar da ba a taɓa ba tana iya zuwa bakin gaɓa. A 2016 mujallar motoci ta Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux da lodi a gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo hanya kwatsam, motar ta ɗaga tayoyi biyu sama a gudun da bai wuce kilomita 60 ba. Daga baya Toyota ta gyara na'urar da ke daidaita motar. Sai a ƙiyasta wadda aka ɗaga inci huɗu, aka ɗora mata durom a kan rufi, akuya ta ratso mata a hanyar Tahoua.

Ostireliya, inda Land Cruiser da Hilux ke aikin gona da ma'adinai a hanyoyin da ba kwalta, ta daɗe da mayar da wannan lamari doka. A wasu jihohinta an yarda mutum ya ɗaga motarsa milimita 75 ba tare da takardar injiniya ba: 50 daga sifirin, 25 daga taya. Kamfanoni irin su ARB, da aka kafa a Melbourne a 1975, mai sayar da sifirin Old Man Emu, sun gina yawancin kayansu a kan wannan ma'auni na inci biyu, kuma suna tambayar mai saye nauyin da motar ke ɗauka kullum kafin su zaɓa masa sifirin. Tambayar da ya kamata a riƙa ji a kowane gareji ke nan.

Hanya ta biyu ta ɗaga tulu, wato sake ƙirar ƙarshen aksul, Jamusawa ne suka yi fice da ita, kuma noma ne sila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, injiniya Albert Friedrich da abokan aikinsa suka tsara motar da za ta yi noma ta kuma yi dako. Samfurin farko na Unimog ya fito a 1946, da tazarar mita 1.27 tsakanin tayoyi, daidai kunya biyu ta gonar dankali. Domin cikinta ya wuce saman shuka, ba su bar aksul ya shiga tsakiyar taya ba. Ya tsaya a sama, a kowane ƙarshe kuma aka saka ɗan akwatin haƙora da ke sauko da juyin zuwa cibiyar tayar. Tulun ya tashi sama da tsakiyar taya, kuma haƙoran nan suna rage gudu su ƙara ƙarfi, don haka tulun kansa bai buƙaci girma ba. Daimler-Benz ta karɓi ƙirar a 1951, har yau kuma Unimog na tafiya da tazarar da ta kai santimita 40 ko fiye.

Pinzgauer ta Ostiriya da Volvo C303 ta sojojin Suwidin sun bi wannan tsari. Humvee ta sojojin Amurka, da akwatunan haƙora a cibiyar tayoyinta, tana da inci 16 a ƙarƙashinta duk da cewa ba doguwar mota ba ce. Yau akwai kamfanoni, ciki har da Marks 4WD na Ostireliya, da ke sayar da irin waɗannan akwatuna don Land Cruiser 70. Suna ba da tazarar da babu tayar da za ta bayar ba tare da an yanka bodi ba. Amma kuɗinsu na iya sayen wata motar ta hannu, kowace taya ta samu akwatin mai nata da za a riƙa dubawa, kuma idan haƙori ya karye tsakanin Bilma da Fachi, babu kasuwar da za a aika a sayo.

Mutanen Aislan sun zaɓi taya, suka kai ta ƙarshe. Kamfanin Arctic Trucks, da ya fara a 1990 a matsayin sashen dillalin Toyota na ƙasar, yana saka wa Hilux tayoyi masu inci 35, 38, har 44 domin tafiya a kan dusar ƙanƙara. Irin motarsa ce, mai taya inci 38, ta kai masu shirin Top Gear na BBC yankin ƙuryar arewacin duniya a 2007. Abin lura shi ne yadda suke samar wa tayar wuri: suna yanka bodi, su faɗaɗa kwarmin taya, su buɗa tazarar tayoyi, a manyan ƙirar har su matsar da aksul, duk don kada su ɗaga motar fiye da larura. Faɗin da suka ƙara yana biyan wani ɓangare na bashin tsayin. Mai walda da injin yanka a Sabon Gari zai iya ɗaukar wannan darasi, in mai motar zai iya jure ganin ana yanka masa bodi.

Akwai kuma santimitocin da ke zube ba wanda ya ɗauka. A bayan Land Cruiser 70 sifirin a ƙarƙashin aksul yake, farantin da ke ɗaure shi da ƙarshen notocinsa na leƙowa ƙasa suna kama dutse. Yanke rarar zaren notocin ko sauya farantin da mai lafewa yana rage wannan. Ƙugiyar jan tirela da ba a amfani da ita, matakalar gefe ta ado, salansar da wani ya rataya ƙasa-ƙasa, safayar da ke ƙarƙashin bodi, duk ana iya cirewa ko a mayar sama. Wasu ma kan goge leɓen ƙasan tulun su yi masa waldar faranti mai kauri, su samu santimita ɗaya ko biyu. Farantin kariya a ƙarƙashin injin yana ɗan rage tazara, amma gara ya sha bugun da kaskon baƙin mai ya sha.

Bayan an gama ɗaga mota, notocin da ke ɗaure sifirin da aksul suna sassautawa da kansu idan ganyayen suka zauna, don haka sai an dawo an sake ɗaure su bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Fitilun gaba na buƙatar a sauke su, in ba haka ba idon masu tahowa za su riƙa haskawa. Sabuwar safaya ba lalle ta shiga mazaunin tsohuwa ba. Jak ɗin da ya zo da motar kuma an yi shi ne don tsayinta na da: idan a shasi ake kafa shi, zai iya miƙewa iyakarsa tayar ba ta bar ƙasa ba. Wannan a tsakar gida ake gwada shi, da katakon da za a ɗora shi a kai, kafin motar ta fita gari.